Kalmar "Settle" da Zamanmu a Ikko

 

Yau kalma ɗaya tak ta Turanci nake so mu baje a faifai. Duk wanda ya kwana bakwai a Legas ya ji ta, ko da kuwa bai taɓa shiga aji ba. Kalmar ita ce "settle". Bakinmu ya lanƙwasa ta ta koma "setul", har mukan ce "an yi setlin ɗinsa". Yaron tasha na faɗinta, lauya na faɗinta, ɗan kasuwa da ɗan siyasa ma haka, amma kowa da inda ya dosa. Kuma daga jikinta ne aka ciro sunan da ake liƙa mana a jaridu da wuraren taro, wato "settler". Tunda kalmar ta shiga aljihunmu, ta kuma shiga sunanmu, ina ganin ya kamata mu san ta ciki da bai. Ra'ayina a taƙaice shi ne: mun rungumi mafi munin ma'anarta muna aiki da ita kullum, mun bar ma'anarta ta asali wadda ita ce za ta fisshe mu.

Asalin kalmar

A tsohon Turancin Ingila akwai kalmar "setl", ma'anarta wurin zama ko kujera. 'Yar'uwa ce ga "sit" da "seat" da yaranmu ke koyo a firamare. Ke nan tushenta zama ne. Daga nan ta yi rassa. Idan tsuntsu ya gama shawagi ya sauka a reshe, Bature zai ce ya yi "settle". Idan ƙura ta lafa bayan wucewar mota, ita ma haka. Idan aka ɗebo ruwan rafi aka zuba a randa, aka bar shi laka ta kwanta a ƙasa, nan ma da wannan kalma za a faɗa. Saurayin da ya gama yawon duniya ya yi aure ya natsu, ya yi "settle down". Wanda ya biya bashin da ake bin sa ya yi "settle" na bashin. Mutum biyu da suka janye ƙara daga kotu suka sasanta a gida, su ma kalmar ke nan.

In mai karatu ya lura da kyau, zare ɗaya ne ya ɗinke duk waɗannan ma'anoni: abin da ke motsi ya tsaya, abin da ke reto ya sami gindin zama, magana ta zo ƙarshe. Bashin da aka biya ba a sake tayar da shi. Shari'ar da aka sasanta ta mutu. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Yadda Legas ta juya ta

To, da kalmar ta iso bakin titin Legas sai ta sake riga. A nan idan ka ji an ce "Oga, settle us", ba kujera ake nema ba, hannu ake so ka sa a aljihu. Yaran tasha da Yarabawa ke kira agbero suna faɗa wa direban danfo kafin ya ɗauki fasinja. Masu ikirarin su ne 'ya'yan masu ƙasa, wato omo onile, suna faɗa wa mai gini ranar haƙa harsashi, su dawo ranar zuba dakin, su sake dawowa ranar rufi. Abin ya yi ƙamarin da sai da gwamnatin Akinwunmi Ambode ta sa hannu a dokar kare dukiyoyi da filaye a 2016 don maganin wannan ɗabi'a. Can sama kuwa, tun zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, daga 1985 zuwa 1993, 'yan jarida suka riƙa amfani da kalmar "settlement" wajen bayyana yadda ake rufe bakin mai suka da muƙami ko kwangila.

Mu ma Hausawa muna da tamu kalmar da ta yi irin wannan tafiya, wato "sallama". Ana sallamar baƙo, ana sallamar lebura idan ya gama aiki, ana sallamar majinyaci daga asibiti. Amma yau idan direba ya ce wa yaron mota "je ka sallame su", kowa ya san abin da ake nufi. Muna kuma da "na goro" da "toshiyar baki". Duk sunaye ne masu taushi da muka raɗa wa abu mai ƙaya, don kada harshe ya ji nauyin cewa cin hanci ko ƙwace.

Ga inda gizo ke saƙar. Na ce a asali kalmar na nufin ƙarshen magana. Amma wannan "settle" ɗin na bakin titi ba shi da ƙarshe. Ka biya yau, gobe da safe a tare ka. Ka biya wannan, na gabansa ya miƙo hannu. Babu rasit, babu shaida, babu ranar da za a ce bashin ya ƙare, domin tun farko babu bashin. Wato an ɗauki kalmar da ke nufin kashe magana an ba abin da ke raya magana kullum.

Kuma babu wanda ya fi mu ɗanɗana kuɗar wannan, domin mu ne mutanen hanya. Tirelar tumatir ko albasa ko shanu da ta taso daga Arewa za ta ratsa shinge bayan shinge kafin ta sauke a Mile 12 ko a mayankar Oko-Oba da ke nan Agege. Jama'a za su tuna ƙarshen watan Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Cikin koke-kokenta har da yawan shingaye da tatsar da ake wa direbobi a hanya. A 'yan kwanakin nan kowa a Legas ya ga yadda farashin tumatir da nama ya tashi. Wannan ya nuna cewa kuɗin da ake karɓa a shinge ba daga aljihun direba kaɗai yake fita ba, a ƙarshe tukunyar matar gida ce ke biya, ta Bayarabiya da ta Bahaushiya baki ɗaya.

Ni ba na ganin laifin direban da ke ɗauke da kayan gwari, rana na dukansu, ya ga in ya tsaya gardama zai yi asarar mota guda. Mutum ɗaya a gaban mai sanda ba shi da zaɓi. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda muka mayar da abin al'ada, har muna lissafa shi cikin kuɗin mota kamar man fetur, ƙungiyoyinmu kuma ba su tashi tsaye sai an yi gobara. Haraji na hukuma mai rasit daban, mu biya shi mu adana takardar. Wanda ba shi da rasit kuwa, aikin ƙungiya ne ta rubuta wurin da ranar da adadin, ta kai gaba da murya ɗaya, ta ɗauki lauya in ta kama. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Ma'anar da ya kamata mu ara

Akwai wata fuskar kalmar da nake sha'awa, ita ce ta maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Ibo. A tsarinsu na koyon kasuwanci da suke kira igba boi, yaro zai zauna ƙarƙashin maigidansa na wasu shekaru da aka yi yarjejeniya a kai a gaban iyaye. Idan wa'adi ya cika, maigida zai yi masa "settle", wato ya ba shi jari ko kaya ko shago, ya tsaya da ƙafarsa. Je ka kasuwar kayan lantarki ta Alaba ko ta kayan gyaran mota ta Ladipo, da yawan masu shagunan nan ta wannan ƙofa suka shigo. Ka ga a nan kalmar ta koma gidanta na asali: an zaunar da mutum, an ba shi kujerarsa.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken goro na da can suna da yaransu, kuma da yawa daga manyan attajiran Hausa a hannun wani suka tashi kafin a yaye su. Har yanzu akwai iyayen gida na kirki a cikinmu da ke yi wa yaransu aure su ba su jari, Allah Ya saka musu. Amma abin da ya yi mana ƙaranci shi ne wa'adi. Sau nawa muka ga yaron shago ya yi furfura yana yaron shago, ba ranar yaye, ba rubutu, ba shaidu, sai dai "Alhaji zai duba"? In Alhaji ya faɗi ya mutu, magada su ce ba su san zancen ba. Ina kira ga iyayen gidanmu na kasuwar goro da ta shanu da 'yan canji, a riƙa yanke shekaru, a rubuta, a sa shaidu. Yaron da aka sallama da jari shi ne gobe zai kama haya da sunansa, ya sa 'ya'yansa a makaranta, ya zama mai faɗa a ji a unguwa.

Mu ne "settler"?

Yanzu sai mu zo kan sunan da ake kiranmu da shi. A tarihin duniya wannan suna yana da nauyi. Turawan da suka ƙwace filayen noma a Kenya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu da Aljeriya, da ƙarfin bindiga da goyon bayan gwamnatin mulkin mallaka, su ake kira da shi. Gidajen rediyon Hausa kan fassara shi da 'yan kama-wuri-zauna ko 'yan kaka-gida. To ina haɗin wannan da Bahaushen da ya zo da buhunsa, aka ba shi masauki, ya saya ya sayar, ya biya haya?

Mu duba tarihi. A 1863 Kyaftin John Glover ya kafa wata 'yar rundunar Hausawa a Legas, wadda daga ita ake lissafa tushen sojan ƙasar nan. Wato akwai Hausawa a Ikko fiye da shekara 50 kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914. Layin dogo da ya ratsa ta Agege ya isa Ibadan a 1901, daga baya ya isa Kano. Gonakin goro da suka bunƙasa a kewayen Agege su suka jawo fatake, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa kai goron Arewa, Zango ya cika ya tumbatsa har aka sami sarautar Sarkin Hausawan Agege. Akwai gidaje a nan da aka haifi kaka a ciki, aka haifi uba, aka haifi jika. Yaran na jin Yarabanci kamar ruwa, wasunsu iyayensu mata Yarabawa ne.

Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama duk inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali a sashe na 42, ya ba shi damar mallakar ƙasa da gida ko'ina a sashe na 43. Amma shi dai wannan kundin, a sashe na 147, ya ce a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalin jihar ne. A aikace kuma takardar indijin ce ke buɗe ƙofar gurbin karatu da tallafin karatu da aikin gwamnati. Sai ka ga yaron da aka haifa a Zangon Agege ana ce masa ya tafi garin kakansa ya karɓo takarda, can kuma a dube shi a ce ba a san shi ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan matsala ta 'yan asali da baƙi a Nijeriya tun 2006. Masanin nan ɗan Uganda, Mahmood Mamdani, ya gabatar da lacca a Jami'ar Cape Town a 1998 a kan tambayar yaushe ne baƙon da ya zauna yake zama ɗan gari. A ƙasarmu dai takarda ba ta tanadi wannan rana ba.

Sai dai a nan dole mu yi wa kanmu adalci ta fuska biyu. Ta farko, Agege ƙasar Awori ce, tana da sarkinta na gargajiya, kuma babu mai hankali a cikinmu da ke neman wannan gadon sarauta. Haƙƙin ɗan ƙasa muke magana, ba gadon kakannin wani ba. Ta biyu, mu tambayi kanmu yadda muke kallon Bayarabe ko Ibon da aka haifi kakansa a Sabon Garin Kano ko na Zariya. In muna ce masa baƙo bayan shekara 100, da wane baki za mu yi kuka a nan? A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko, ta hanyar zaɓe. Abin da ya yiwu a wancan zamani bai kamata ya gagare mu yau ba, a can da nan.

Baƙo raɓa ne?

Ga maganar da ta fi ɗaci, kuma tamu ce ta cikin gida. Ana kiranmu masu zama, alhali da yawanmu ba mu zauna ba. Mun zo da zuciyar ci-rani, muka shekara 30 da ita. Mutum zai gina gida a ƙauye wanda yake kwana a ciki sati biyu a shekara, nan kuma inda yake wata 11 yana cunkushe da iyali a ɗaki ɗaya, ba ko takardar yarjejeniyar haya. Katin zaɓensa na can gida, alhali hukumar zaɓe ta ba da damar a mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune. Jihar Legas na da hukumar rajistar mazauna, LASRRA, amma sau da yawa sai ka ji ɗan'uwa na cewa wannan ba tamu ba ce. Yara na yawo a kasuwa lokacin da sa'o'insu ke aji. In ka yi magana a ce maka ai baƙo raɓa ne.

To wanda ya ɗauki kansa raɓa, haka hukuma za ta ɗauke shi. Lokacin da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya haramta acaɓa daga ranar 1 ga Yunin 2022 a ƙananan hukumomin Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, kowa ya san 'yan'uwanmu na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ko mutum na goyon bayan dokar ko ba ya yi, abin tambaya shi ne: da wane nauyi muka shiga maganar? Ɗan siyasa ƙuri'a yake ƙirgawa, ba yawan kawuna a bakin masallaci ba. A zaɓen 2015 mutanen da asalinsu ba Legas ba ne sun ci kujerun Majalisar Wakilai a mazaɓun Ajeromi-Ifelodun da Amuwo-Odofin da Oshodi-Isolo. Ba da hayaniya suka samu ba, rajista jama'arsu suka yi a inda suke kwana, suka fito ranar zaɓe.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa abar dubawa ce. Zai ce: Malam, ka manta Ketu a 1999? Ka manta Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016? Wanda ya ga an ƙone dukiyarsa a dare ɗaya, yaya za ka ce ya zuba abin da ya tara a nan? Ban manta ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kuma ban ce kowa ya yanke zumunci da gida ba, ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da nake cewa shi ne, rashin kafuwa bai taɓa kare kowa ba. Ranar da aka zo rusau ko biyan diyya, mai takardar mallaka da rasit ɗin haraji shi ake saurara, wanda ba shi da komai a rubuce sai dai a ba shi haƙuri.

Hatta sulhun da ake yi bayan irin waɗannan rigingimu, mu duba wace irin "settle" ce. In an tara shugabanni an yi hoto, an raba ɗan abin da aka raba, an ce magana ta wuce, alhali ba a hukunta wanda ya yi kisa ba, ba a kuma gyara abin da ya haddasa faɗan ba, to wannan irin ta randa ce: ruwa ya yi garau a sama, laka na nan kwance a gindi, jira take a girgiza. Sulhu na gaskiya shi ne wanda sarakunanmu da shugabannin kasuwa da na matasa, namu da na masu masaukinmu, ke zama tare tun ana zaman lafiya, su san juna, su san lambar wayar juna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Jama'a, kalma dai ta Bature ce, amma zaɓin ma'ana namu ne. Akwai "settle" na miƙa hannu a shinge, wanda ba ya ƙarewa. Akwai na zaunar da yaro da jari, da na kashe rigima tun daga saiwarta, da na kafa gindin zama da takarda da makaranta da ƙuri'a. Na farkon nan shi ne harajin da ake ɗora wa wanda ya ƙi yin sauran. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya fara da abu ɗaya cikin watan nan: ko ya nemi takardar hayarsa a rubuce, ko ya yi rajistar zama, ko ya kai yaro makaranta, ko ya kira yaron shagonsa su yanke ranar yaye a gaban shaidu.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya albarkaci nemanmu, Ya shirya mana zuriya. Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.